Tsohuwar da Aka Lulluɓe da Ƙanƙara Kafin a Tsaga Wuyanta

Ranar Laraba, 19 ga watan Mayu na 1954, a asibitin St Mary's da ke unguwar Paddington cikin birnin Landan, aka gungura wata mata mai shekara 66 zuwa ɗakin tiyata. Aka ba ta maganin barci, da barcin ya yi nauyi sai aka shiga jera mata ƙanƙara a jiki. Ba zazzaɓi ke damunta ba. Da gangan likitocin suke son jikinta ya huce, ya sauko daga digiri 37, zafin jikin mai lafiya, zuwa digiri 28. Sai da ma'auni ya nuna an kai nan, sannan wani matashin likita mai suna Felix Eastcott, ɗan shekara 36, ya ɗauki wuƙa ya tsaga gefen hagu na wuyanta.

Ciwon da ya kawo ta mai zuwa ya tafi ne. Haka kawai, ba faɗuwa ba buguwa, sai idonta na hagu ya rufe ruf, hannu da ƙafar dama su saki, magana ta maƙale a baki. Kafin hankalin mutanen gida ya gama tashi abin ya sake ta, ido ya buɗe, hannu ya dawo, harshe ya warware. Cikin 'yan watanni sai da aka ƙirga mata irin wannan sau 33. Likitan da ke duba ta, Farfesa George Pickering, yana cikin manyan masana hawan jini na Ingila a zamaninsa. Ya sa aka ɗauki hoton jijiyoyin wuyanta, irin hoton da ake ɗura wani ruwa cikin jijiya don ta fito fili, dabarar da wani likitan Fotugal, Egas Moniz, ya ƙirƙiro a 1927. Hoton ya nuna babbar jijiyar hagu ta tsuke, saura ƙiris ta toshe. Pickering ya san inda abin ya dosa. Wata rana ciwon zai zo ya ƙi tafiya, a wayi gari rabin jikinta ya shanye, bakinta ya mutu. Sai ya tafi wurin abokan aikinsa na sashen tiyata, Farfesa Charles Rob da mataimakinsa Eastcott, ya tambaye su ko akwai abin da wuƙa za ta iya yi.

Duk wanda ya ɗora yatsu biyu a gefen maƙogwaronsa zai ji wani abu yana bugawa. Ita ce jijiyar da ake magana, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma mahautan Minna sun san ta sarai, don ita ce take tsartuwa idan wuƙa ta ratsa wuyan rago. Daidai ƙasan muƙamuƙi takan rabu gida biyu. Reshe ɗaya ya nufi fuska da fatar kai, ɗayan ya shige cikin ƙoƙon kai ya shayar da ƙwaƙwalwa, kuma kafin ya isa can yakan ba ido na wannan gefen rabonsa. A wurin rabuwar nan ne kitse da ƙwayoyin jini da alli suke taruwa shekara da shekaru, yadda tsatsa da laka suke cika bututun famfo har ruwa ya koma ɗigo. Wani lokaci ɗan ɓarɓashi ya ɓalle daga tarin, jini ya kwashe shi ya kai shi ido ko ƙwaƙwalwa, ya toshe wata ƙaramar hanya na ɗan lokaci, sannan ya narke. Ɓarin ƙwaƙwalwa na hagu shi ke juya ɓarin jiki na dama, kuma ga yawancin mutane a nan magana take. Shi ya sa ido na hagu ya tafi tare da hannu na dama.

Yau wannan bayani ɗalibin likitanci na aji uku ya san shi. A 1954 kuwa sabo ne fil, kuma daga bakin wani majinyaci aka samo shi. Charles Miller Fisher likita ne ɗan Kanada wanda Jamusawa suka nutsar da jirgin ruwan yaƙin da yake ciki a 1941, ya shafe shekara uku da rabi a sansanin fursunonin yaƙi. Da ya dawo gida ya kama aiki a asibitin tsofaffin sojoji na birnin Montreal. A nan wani mutum da ɓarin jikinsa ya shanye ya ba shi labari cewa kafin ciwon ya kwantar da shi, ido ɗaya ya sha ɗauke masa ya dawo, amma abin da ke ba shi mamaki shi ne ba idon gefen da ya shanye ba ne, na ɗaya gefen ne. Likitoci da yawa da sun ji wannan sun wuce. Fisher ya riƙe maganar. A lokacin an ɗauka jijiyoyin cikin ƙwaƙwalwa ne suke ɗan murɗewa su saki, kuma masu binciken gawa ba su cika taɓa wuya ba, saboda masu shirya gawa a ƙasashen Turawa ta jijiyoyin wuyan suke ɗura maganin hana ruɓewa. Da mutumin ya rasu aka duba wuyansa, aka tarar jijiyar ta toshe. Fisher ya bi gawa bayan gawa yana buɗe wuya, ya ga abin ba na mutum ɗaya ba ne. A 1951 ya wallafa abin da ya gano, ya kuma yi hasashen cewa wata rana masu tiyatar jijiya za su sami hanyar gyara wurin tun ciwon yana matakin gargaɗi.

Wannan ranar ce ta zo wa Eastcott. Matsalar da ke gabansa ita ce ba a ɗinke jijiya jini yana gudu a cikinta. Dole a matse ta sama da ƙasa, a tsayar da jinin, kuma muddin tana matse rabin ƙwaƙwalwa yana dogara ne da ɗan abin da ya zagayo daga sauran jijiyoyi. Ƙwaƙwalwa ba ta jure yunwar jini. Mintuna kaɗan sun isa su kashe ta. Ƙanƙarar ta nan ta shigo. Wani likita a Toronto, Wilfred Bigelow, ya nuna a 1950 ta gwaji a kan karnuka cewa idan jiki ya yi sanyi, buƙatarsa ta iskar oksijin takan ragu ƙwarai, kuma a 1952 an yi amfani da dabarar a birnin Minneapolis na Amurka aka buɗe zuciyar wata yarinya 'yar shekara 5 aka ɗinke ramin da aka haife ta da shi. A digiri 28 abin da ƙwaƙwalwa ke ci ya ragu da kusan rabi.

Sai dai sanyin da ke kare ƙwaƙwalwa shi ne abokin gaban zuciya. Daidai wajen digiri 28 ɗin nan zuciya kan fara rikicewa, ta bar bugu ta koma karkarwa, jini ya tsaya cik. Yarinya 'yar shekara 5 daban, tsohuwa mai shekara 66 wadda jijiyoyinta suka riga suka cika da kitse daban. Likitocin sun san suna ceton kai ne da jinginar da ƙirji, suka kuma shiga a haka, don barin ta ma ba tsira ba ce.

Eastcott ya bi gefen tsokar wuya ya gangara har ya tono jijiyar, ya ɗaure reshen da ke zuwa fuska, ya matse sama da ƙasa, ya yanke guntun da ya lalace ɗungurungum, sannan ya jawo bakin ƙasa ya haɗa da bakin reshen da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya ɗinke. Kusan rabin sa'a jijiyar tana matse. Aka saki, jini ya wuce, ɗinki ya riƙe. Aka shiga ɗumama ta a hankali, zuciyar ba ta ba da kunya ba. Ta farka tana motsa hannu da ƙafa, tana magana. Daga ranar ciwon nan mai zuwa ya tafi bai sake dawowa ba. A watan Nuwamba na shekarar mujallar likitoci ta The Lancet ta buga rahoton da sunayen mutum uku, Eastcott da Pickering da Rob. Matar kuwa ta ƙara shekara 20 a duniya, ta rasu a 1974 tana da shekara 86.

Daga baya ta bayyana cewa ba su ne na farko ba. Wasu likitoci uku a Buenos Aires ta Ajantina, Carrea da Molins da Murphy, sun gyara irin wannan jijiya a 1951 bayan sun karanta rubutun Fisher, amma ba su wallafa ba sai 1955. Michael DeBakey na birnin Houston ya ce shi ma ya yi wa wani direban bas mai shekara 53 a watan Agusta na 1953, cikakken rahotonsa bai fito ba sai 1975. Hanyar da DeBakey ya bayyana, a tsaga jijiyar a tsaye a ɓare tarin kitsen a ɗinke, ita ce ta zama ta kowa har yau. Amma labarin matar Landan shi duniya ta fara ji, shi ya buɗe ƙofa.

Da ƙofar ta buɗe aka yi rububi. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 ana yin wannan aiki fiye da sau 100,000 a shekara a Amurka kaɗai, wanda ya dace da wanda bai dace ba. A 1988 wani bincike na cibiyar RAND ya bi takardun tsofaffi 1,302 da aka yi wa aikin, ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku ba su da dalilin da ya kai a taɓa wuyansu, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma ya mutu ko ya sami shanyewar jiki mai tsanani cikin kwana 30. Wato aikin da aka ƙirƙiro don hana shanyewar jiki ya koma yana jawo ta. Wannan ɓangaren labarin ina ganin ya kamata duk mai shirin kai mahaifinsa tiyata, a gida ko a Indiya ko Masar, ya san shi. Iya yin aiki daban, dacewar yin sa daban.

A cikin shekarun ne kuma likitoci suka lura da wani abu da ya fi damun su. Mutum zai tashi daga tiyatar wuya lafiya lau, ƙwaƙwalwa garas, bayan kwana biyu ko shekara biyu ciwon zuciya ya ɗauke shi. Wani likita a asibitin Cleveland Clinic, Norman Hertzer, ya ɗauki hoton jijiyoyin zuciyar mutum 1,000 da suka zo gyaran jijiyar wuya ko ta ciki ko ta ƙafa, ya wallafa sakamakon a 1984. Kashi 8 cikin ɗari kacal ne jijiyoyin zuciyarsu suke lafiya. Kashi 25 cikin ɗari toshewar tasu ta yi tsananin da ita kanta tana neman aiki. Kitsen da ya taru a wuya bai zaɓi wuya kaɗai ba. Wanda aka ga jijiyar wuyansa ta tsuke, a ɗauka mai ciwon zuciya ne har sai gwaji ya wanke shi, ko da bai taɓa kukan ƙirji ba. Tsohon da ba ya tafiya mai nisa, ko mai ciwon suga wanda jijiyoyin jin zafinsa suka dushe, zuciyarsa tana iya lalacewa shiru.

Wanda ya raba gardamar wa aikin wuyan ya dace da shi wani likitan ƙwaƙwalwa ne ɗan Kanada, Henry Barnett. Ya haɗa asibitoci 50 na Amurka da Kanada, aka riƙa raba majinyatan da suka sami alamar gargaɗi gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu magani kaɗai, wasu magani da tiyata. A farkon 1991 aka dakatar da gwajin ga masu tsukewa mai tsanani, kashi 70 zuwa 99 cikin ɗari, saboda bambancin ya fito ƙarara har ci gaba da hana wasu aikin ya zama zalunci. Cikin mutum 659, waɗanda aka bari da magani kaɗai kashi 26 cikin ɗari sun sami shanyewar jiki a gefen cikin shekara biyu. Waɗanda aka yi wa aiki kashi 9 ne. Wani gwaji makamancinsa a Turai, ƙarƙashin Charles Warlow na Edinbara, ya ba da amsa iri ɗaya a shekarar. Ga waɗanda tsukewar tasu ba ta kai rabi ba, aikin ba shi da amfani.

Sai abin da ya fi jan hankalina cikin labarin gaba ɗaya. A 2004 Peter Rothwell na Jami'ar Oxford ya haɗa alƙaluman gwaje-gwajen biyu, kusan mutum 5,900, ya tambaya: wa ya fi cin moriyar aikin? Hankali zai ce mai sauran ƙarfi. Alƙaluma suka ce tsoho. Cikin waɗanda ba su kai shekara 65 ba, sai an yi wa mutum 18 aiki kafin a kare mutum ɗaya daga shanyewar jiki cikin shekara biyar. Cikin masu shekara 75 zuwa sama, mutum 5 sun isa. Dalilin a fili yake: tsohon da aka bari da tsukakkiyar jijiya shi ya fi kowa kusa da faɗuwa, don haka shi gyaran ya fi yi wa rana. Binciken ya kuma nuna lokaci shi ne komai. Idan an yi aikin cikin mako biyu da alamar ƙarshe, mutum 5 a kare ɗaya. Idan an wuce mako 12, sai an yi wa mutum 125.

A nan labarin Landan ya iso ƙofar gidajenmu. Ga yadda abin kan kasance a unguwannin Minna irin su Limawa ko Kpakungu ko Bosso. Tsohuwa tana zaune bayan la'asar tana jan carbi, carbin ya zame daga hannunta, bakinta ya ɗan karkace, ta yi magana ba a gane ba. Jika ya ruga ya kira babansa. Kafin ya iso ta dawo daidai.

"Inna, me ya same ki?"

"Ba komai, ɗan nan, jiri ne. Ya wuce."

Sai a yi hamdala, a shafa mata man zafi, wani ya ce iska ce ta buge ta, wani ya ce a nemo rubutu da hayaƙi, a bar maganar asibiti sai an ga yadda ta kwana. Addu'a ba ta hana neman magani, kowa ya san haka. Abin da ke hana mu shi ne ganin ta warke. Alhali kwanakin farko bayan irin wannan alama su ne mafi haɗari, kuma mako biyun da Rothwell ya auna a ranar suke fara ƙirguwa. In ma an kai ga likita ya ambaci tiyata, sai 'ya'ya su taru a zaure, babban wa ya yanke magana: "Inna ta tsufa, ga ciwon zuciya, kada a wahalar da ita." Tausayi ne ya sa shi faɗin haka, ban musa ba. Amma shekarun da ya kafa hujja da su ba su ne abin dubawa ba. Zuciyar ce abin dubawa, ita kuwa ana auna ta, ba a zaure ake yanke mata hukunci ba.

Kada kuma a ɗauka duk shanyewar jiki daga wuya take. A ƙasarmu ma ba ita ce kan gaba ba. Babban binciken da Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya duba majinyata fiye da 2,000 ya gano hawan jini shi ne uban tafiya, da hannunsa cikin kusan kashi 90 cikin ɗari. Kusan kashi ɗaya cikin uku kuma ba toshewa ba ce, jijiya ce ta fashe jini ya zuba cikin ƙwaƙwalwa. Saboda haka kuskure ne babba a ɗura wa wanda jikinsa ya saki asfirin a gida kafin a yi hoton kai. In fashewa ce, an ƙara mata gudu. Akwai kuma tsofaffin da zuciyarsu ke bugawa ba bisa tsari ba, jini ya daskare a wani lungu nata, gudan ya ɓalle ya haura kai. Irin waɗannan ko an tsaga wuya ba a taɓa tushen ciwon ba, maganin tsinka jini suke buƙata. Abin da ke rarrabe duk waɗannan gwaji uku ne: hoton ƙwaƙwalwa, gwajin bugun zuciya tare da hotonta, da sikanin jijiyoyin wuya. Na ƙarshen nan da irin na'urar da ake duba masu juna biyu ake yin sa, a shafa ɗan mai a wuya a ɗora kan na'urar, ba allura ba yanka. Ana farawa daga inda ake, Babban Asibitin Minna ko Asibitin Ƙwararru na IBB da ke Chanchaga, abin da ya fi ƙarfin nan a karɓi takardar turawa zuwa manyan asibitocin koyarwa, Abuja ko Gwagwalada ko Shika ko Kano. Tafiyar Minna zuwa Abuja ba ta kai yini ɗaya ba. Abin da ke cinye makonni shi ne shawara da tara kuɗi da jiran ɗan da ke Legas ya zo.

In gwaji ya nuna wuyan ne, kuma tsukewar ta kai, sai maganar zuciya ta dawo gaba. Likitan zuciya da mai ba da maganin barci za su so sanin abubuwa ƙanana da iyali kan raina. Baba yana iya hawa bene hawa biyu bai tsaya ba? Yana iya takawa masallaci ya dawo ba haki? Matashi nawa yake tadawa kafin ya iya barci? Ƙafafunsa suna kumbura? Ya taɓa samun bugun zuciya, kuma yaushe? Wanda zuciyarsa ta buga kwanan nan, ko take ciwo yana zaune, ko ruwa ya taru masa a huhu, ko wata ƙofar zuciyarsa ta tsuke ƙwarai, shi ne ake jin tsoro, kuma sau da yawa sai an fara lallaɓa zuciyar. Wanda ciwon zuciyarsa ya kwanta, yana shan magani yana harkokinsa, yawanci yana iya ɗaukar aikin ko ya haura 75. A kai wa likita duk magungunan da ake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da jiƙe-jiƙe, don wasunsu suna tsinka jini. Kada a tsayar da ko ɗaya, kada a ƙara ko ɗaya, sai da faɗarsa; asfirin da maganin rage kitse galibi ana ci gaba da su har ranar aiki, wafarin da danginsa masu tsinka jini kuwa suna da nasu lissafin.

Yau ba a sa kowa a ƙanƙara. A asibitoci da yawa ma ba a sa majinyacin barci. Ana kashe gefen wuyan da allura, a kafa ƙyalle tsakanin fuskarsa da wurin aiki, a danƙa masa 'yar robar wasan yara mai ƙara a hannun da ke ɗaya gefen. Idan likita ya matse jijiyar, mai kula da barci yana zaune daf da kansa yana jan sa da hira: ya sunanka, ƙirga daga ɗaya zuwa goma, matsa robar. Muddin robar tana ƙara, magana tana fita daidai, jinin da ke zagayowa ya wadatar. In ƙarar ta yi rauni ko harshe ya fara nauyi, nan take a zura ɗan siririn bututu ya tsallake wurin aikin ya kai jini sama. An yi zaton wannan hanya za ta fi sauƙi ga masu ciwon zuciya, aka gwada a kan mutum 3,526 a ƙasashe 24, sakamakon ya fito a 2008: kashi 4.8 cikin ɗari na waɗanda aka sa barci sun sami matsala babba, kashi 4.5 na waɗanda aka bari ido biyu. Bambancin bai taka kara ya karya ba. Wadda likitocin wurin suka fi ƙwarewa a kai ita ce mafi aminci.

Akwai kuma hanyar da ba a yanka, a bi ta jijiyar cinya a zura wata 'yar ragar ƙarfe ta buɗe wurin da ya tsuke. Jin ba yanka yakan sa iyali su karkata can, musamman ga tsoho. Wani gwaji na mutum 2,502 a Amurka da Kanada da aka wallafa a 2010 ya nuna ciniki ne: masu raga sun fi samun shanyewar jiki a lokacin aikin, kashi 4.1 a kan 2.3, masu yanka sun fi samun bugun zuciya, kashi 2.3 a kan 1.1. Kuma daga wajen shekara 70 zuwa sama yankan ya fi raga kyau, saboda jijiyoyin tsoho sun karkace sun yi tauri, tura waya cikinsu yana ɓallo ɓarɓashi. Raga takan dace da wanda zuciyarsa ba za ta ɗauki tiyata ba sam, ko wanda aka taɓa yi wa aiki ko gashin cutar daji a wuyan. Kowace aka zaɓa, ƙa'idar da masana suka tsayar ita ce ribar aikin tana tabbata ne a hannun likitan da matsalolinsa ba su wuce kashi 6 cikin ɗari ba. Ba rashin kunya ba ne ɗa ya tambaya cikin ladabi: "Likita, irin wannan aiki guda nawa kuke yi a shekara, kuma yaya suke ƙarewa?" Likitan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya.

Daren farko bayan aiki na zuciya ne da hawan jini. A daidai marabar jijiyar nan Allah ya dasa wani ɗan ma'auni da ke gaya wa ƙwaƙwalwa ƙarfin jini, ita kuma ta umarci zuciya ta ƙara ko ta rage. Taɓa shi a lokacin aiki yakan rikita shi, jini ya hau ya sauka, bugu ya yi sanyi. Shi ya sa ake kwana ana aunawa, shi ya sa kuma bai kamata a riƙa murza wa tsoho gefen wuya da sunan tausa ba. Mai jinya ya sa ido kan wurin ɗinki: kumburin da ke ƙaruwa, ko numfashi mai ƙara, jini ne yake taruwa yana danne maƙogwaro, a kira ma'aikata a take ko da tsakar dare ne. Dushewar murya, ko harshe ya ɗan karkata, ko fatar ƙasan muƙamuƙi ta yi dindiris, suna faruwa saboda jijiyoyin motsi da na ji da ke maƙwabtaka da wurin, kuma yawanci suna warwarewa cikin makonni ko watanni. Mafi yawan majinyata kwana ɗaya zuwa uku suke yi a sallame su. A gida a bar shi ya taka, kwanciya ba ta yi wa tsoho alheri. A hana shi ɗaukar kaya mai nauyi na 'yan makonni. Salla a zaune ta halatta har wuyan ya saki. Ciwon kai mai tsanani a gefen da aka yi aiki, ko farfaɗiya, ko ruɗewa cikin mako biyun farko, alama ce jini ya yi wa ƙwaƙwalwar da ta saba da ƙaranci yawa, a koma asibiti. Ciwon ƙirji, haki, zufa mai sanyi, haka nan. Maganin hawan jini da na kitse da na suga kuwa sun zama abokan zama har ƙarshen rai, taba kuma an yi sallama da ita, domin wuƙa ta share taƙi ɗaya ne na jijiya, sauran jikin yana nan da halinsa.

Mai karatu, in akwai tsoho a gidanku wanda ido ɗaya ya taɓa ɗauke masa ya dawo, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe na 'yan mintuna, kada ka jira na biyu. Ka kai shi asibiti a ranar, ka gaya wa likita wane ido ne, wane hannu ne, ƙarfe nawa ya fara, minti nawa ya ɗauka, sannan ka roƙa a duba kai da wuya da zuciya gaba ɗaya.